Jinyar Tamowa a Gida da Rawar da Ƙananan Asibitoci ke Takawa

1.0 Gabatarwa

Tamowa cuta ce da ke kama ƙananan yara saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A da, yaron da ta yi wa mummunan kamu sai an kwantar da shi a babban asibiti na tsawon makonni. Wannan kan tilasta wa uwa barin sauran 'ya'yanta da sana'arta, don haka iyaye da yawa ba sa kai yara sai abu ya ƙazanta. A yau akasarin irin waɗannan yara a gida ake jinyarsu, ƙarƙashin kulawar ƙaramin asibitin yankinsu.

2.0 Asalin Tsarin

A shekarar 1996 aka haɗa wani abinci a Faransa mai suna Plumpy'Nut, daga gyaɗa da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki. Ba a dafa shi, ba a kuma dama shi da ruwa, saboda haka ba ya saurin lalacewa. Lokacin matsalar abinci ta 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi, inda yara da dama suka warke a gidajensu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da tsarin, Nijeriya kuma ta soma aiki da shi a 2009.

3.0 Tantancewa

Ma'aikatan lafiya da 'yan sa-kai kan bi gida-gida suna auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da wani ɗan zare mai launi uku. Ja yana nuna ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, kore kuwa alamar lafiya. Haka nan ana danna bayan ƙafafun yaro da yatsa. Idan gurbi ya tsaya a duka biyun, akwai kumburi.

4.0 Jinya da Farfaɗowa

A asibiti akan gwada ko yaron yana iya cin abincin. Idan ya ci, kuma ba shi da wata cuta mai haɗari, sai a ba uwa magani da abincin mako guda ta koma gida. Kowane mako za ta dawo a auna nauyinsa. Galibi yaro kan farfaɗo cikin mako shida zuwa takwas. Wanda ya ƙi ci, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko yawan amai, shi ake kwantarwa.

Babbar barazana ga tsarin ita ce raba abincin ga sauran yaran gida, ko sayar da shi a kasuwa, ko daina zuwa awo da zarar yaro ya ɗan murmure. Abincin nan magani ne, an kuma ƙayyade shi daidai da nauyin mai jinya.

5.0 Kammalawa

Jinyar gida ba ta yin nasara sai uwa da ma'aikacin lafiya sun haɗa hannu. Malamin makaranta, musamman a karkara, mutum ne da ake jin maganarsa. Ya kamata ya san alamomin tamowa, ya riƙa faɗakar da iyaye a taronsu da malamai, domin yaron da aka gano da wuri shi ne ya fi saurin samun lafiya.