Askin Zamani: Kilifa Ɗaya, Kawuna Iri-Iri

Duk wanda ya leƙa shagon aski a Kano ko Kaduna ko Maiduguri a daren jajibirin Sallah abu ɗaya zai tarar. Mutane ne jere a kan benci, janareta na ruri a waje, ga wani ƙaton hoto manne a bango ɗauke da kawunan samarin baƙaƙen fatar Amurka, kowane kai da lambarsa. Mai aski ba ya tambayar komai sai lambar da ake so, daga nan ya ɗora kilifa. Irin askin da ya yi wa na farko shi zai yi wa na goma, alhali kuwa kawunan da suka zauna a kujerar tasa ba iri ɗaya ba ne.

Sanin kowa ne cewa Arewa ba ta da gashi iri ɗaya. Akwai mai murɗaɗɗen gashi wanda yake nannaɗewa tun daga tushe, kuma shi ne ya fi yawa. Akwai kuma mai gashi mai laushi wanda yake kwanciya yana lanƙwasa, bai miƙe sak ba, bai kuma murɗe ba. Irin wannan ana yawan samun sa a tsakanin Fulani da Larabawan Shuwa na Borno da Buzaye, da zuriyar Larabawan Gadamas da Tarabulus waɗanda fatauci ya zaunar da kakanninsu a birnin Kano, sannan auratayya ta bazu da shi cikin gidaje da yawa. Masana fata sun bayyana cewa bambancin daga ramin da gashin yake tsirowa ne: idan ramin zagayayye ne gashi ya fito a miƙe, idan ya ɗan baje gashi ya fito da lanƙwasa, idan kuma ya baje sosai ya karkace, sai gashi ya fito a murɗe. Abu ne na halitta, man shafawa ba ya sauya shi.

Wanzamin da ya san wannan ko da bai karanta shi a littafi ba. Shi ne ya yi wa yaro askin suna ranar bakwai, shi ya yi masa kaciya, shi yake zuwa zauren mahaifinsa da zabirarsa duk mako, don haka ya san kan kowa a gidan, ya san inda gashi yake juyawa da inda fata ba ta son aska. Sana'ar gado ce mai shugabanci, domin har yau akwai sarautar Sarkin Aska a masarautunmu. Ba ina cewa komai na wanzanci daidai ba ne. Cire beli da aska ɗaya ga jarirai da yawa ya jawo asarar da likitoci suka daɗe suna kuka da ita. Amma dai wanzami yana duban kai kafin ya taɓa shi. Kilifar lantarki, wadda Ba'amurken nan Leo Wahl ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1921, ta kawo sauri da sauƙi, ta kuma sa duk yaron da ya iya riƙe ta wata uku ya buɗe shago.

To mai gashi mai laushi shi ne ya fi cutuwa da wannan gaggawa. Takalman da ake sa wa bakin kilifa suna da awo: lamba 1 tana barin kimanin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 4 kuma kusan milimita 13. Murɗaɗɗen gashi yana yin kyau a lamba 1 ko 2, saboda yana nannaɗewa ya rufe fatar kai. Gashi mai lanƙwasa kuwa idan aka sare shi haka, bai kai tsawon da zai kwanta ba, sai ya miƙe tsaye kamar ƙaya, fatar kai ta riƙa leƙowa, mutum ya zama kamar wanda ya tashi daga jinya. Abin da ya dace da shi shi ne a rage gefe da ƙeya da kilifa, a bar saman ya kai santimita 3 zuwa 5, a kuma yi saisayensa da almakashi ana bin yadda ya kwanta. Sai dai kash, masu aski nawa ne a yau suka iya riƙe almakashi da mataji? Wani abin lura kuma, irin wannan gashi yana miƙewa idan ya jiƙe, ya koma ya takure idan ya bushe, saboda haka wanda ya yanke shi a jiƙe ba tare da lissafi ba zai ga ya rage fiye da yadda aka so. Tunda gashin kai bai wuce tsiron kimanin santimita 1 a wata ba, kuskuren minti biyar sai mutum ya yi wata biyu yana ɓoye shi a ƙarƙashin hula.

Abin dariya ma, yayin da mai gashi mai laushi yake zuwa a yi masa ƙwal-kwabo don ya huta, ga wani saurayin can yana kashe kuɗi a kan man sassauta gashi da buroshi, yana kwana da ɗaurin kai, duk don nasa ya kwanta ya yi irin wannan lanƙwasar.

Ga wanda yake ganin kula da suma aikin 'yan gayu ne, ya kamata ya koma ga littattafan da muke karantawa a zaure. A cikin hadisin Anas ɗan Malik da Buhari ya ruwaito, wanda kuma Tirmizi ya buɗe littafinsa na Shama'il da shi, an siffanta gashin Manzon Allah (SAW) da cewa bai murɗe ƙwarai ba, bai kuma miƙe sak ba, tsaka-tsaki ne. Ruwayoyi sun nuna yana taje shi yana shafa masa mai. Abin da aka hana shi ne aske wani sashe na kai a bar wani, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar. Wannan ne ya sa askin da ɗan ƙwallon Brazil Ronaldo ya fito da shi a gasar cin kofin duniya ta 2002, da zankon da Balotelli ya yi tashe da shi a 2012, suka jawo wa samarinmu faɗa da iyaye da malamai. Malamai sun yi bayani a kan inda iyakar take tsakanin rage gefe da aske shi ƙwal, kuma mai son ya tsira sai ya sa a rage gefen sannu a hankali ba tare da an kai ga fata ba.

Batun gemu ya fi na kai sarƙaƙiya, domin a nan ne lafiya take shigowa. Gashin gemu ya fi na kai kauri, kuma ko ga mai laushin suma yakan fito a karkace, musamman a wuya inda yake tsirowa ta fuskoki daban-daban. Idan aka ja fata aka kankare shi da reza har ƙasa, sai tsinin gashin ya koma ciki, ya lanƙwasa ya soki fata, jiki kuma ya ɗauke shi tamkar ƙaya. Wannan shi ne asalin ƙurajen aski da muke gani a wuyan ma'aikatan banki da masu kayan sarki waɗanda aiki ya tilasta wa kankare fuska kullum. Maganinsa na farko ba a kantin magani yake ba: a daina kankarewa, a bar gashin ya kai ko da milimita 1, a jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin gyara, a bi inda ya kwanta, kada a yi gaba da shi. Haka nan ƙurajen ƙeya masu tauri da kan zama tabo mai tudu, yawan goga bakin kilifa a wurin don a fitar da layi yana ƙara tsananta su, kuma idan suka kafu sai likitan fata.

Wanda ya tsayar da gemu kuwa, tsayarwa ba ta nufin saki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya bi ta kanta, ta kawo cewa Imamu Malik bai ga laifin rage tsawon gemu ba idan ya yi yawa ainun, kuma an ruwaito Ibn Umar yana damƙe nasa ya yanke abin da ya haura idan ya yi Hajji ko Umara. Gemu mai lanƙwasa yana bukatar a taje shi a bushe kafin a daidaita shi, a kuma tsayar da layin wuya kamar yatsu biyu a saman zakaran wuya. A lokacin hunturu ɗan man zaitun ko man kaɗanya ya wadatar, sabulun wanki kuwa busar da shi yake yi ya bar fatar ƙasa tana ɓarewa. Baƙin rinin da masu aski suke zizara wa gefen saje don layi ya fito, yawancinsa yana ɗauke da sinadarin da kan kumbura wa wasu fuska.

Saura babbar magana, wato kilifar kanta. Bakinta yana yankar fata ko da ido bai gani ba, musamman wajen gyaran fuska. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a kan ƙarfe har kwana 7, kuma sai a 2004 Nijeriya ta shigar da rigakafinta cikin alluran jarirai, wato ke nan yawancin magidantan da ke zaune a bencin nan ba a yi musu ita suna ƙanana ba. Ɗan fesa sifirit da wulga wutar laita na daƙiƙa biyu da ake yi a gabanmu ya fi kama da kwantar da hankalin mai kai fiye da kashe cuta. Makero ma ta nan yake yawo a tsakanin yara.

Mutumin da zai sayi shadda ta dubban nairori ya kai wa telan da ya san awonsa, bai kamata ya gaza mallakar kilifarsa da takalmanta da almakashi ba, ya riƙa zuwa da su, ya kuma tsaya ga mai aski ɗaya har ya san kansa. Ƙungiyoyin masu aski da ake da su a garuruwanmu kuma, da za su sa sharaɗin koyon aikin almakashi da tsabtace kayan aiki kafin yaro ya buɗe shago, da ma'aikatun lafiya na jihohi sun sami abokan aiki a kowace unguwa.