Neman Likitan Fata Da Katin Inshora A Gana

'Yan uwa fatake, mai yini cikin shanu yakan ɗauki makero daga jikin dabba. Tun 2003 gwamnatin Gana ta kafa inshorar lafiya, wato NHIS, kuma tana biyan maganin ciwon fata. Amma fa ba kowane asibiti ke karɓar katin ba, sai wanda hukumar ta amince da shi. To, tambaya tun daga ƙofa. Fara da asibitin unguwa. In abin ya fi ƙarfinsu, sai su ba ka takardar ganin likitan fata a Korle Bu ta Akra ko Komfo Anokye ta Kumasi. Kowace shekara ake sabunta katin, ta waya ma ana yi, *929#. Kada ya mutu kana bisa hanya. Allah ya ba mu lafiya.