Dodon koɗi a tafkin kifi: kada ku raina shi

 Bara na kwaso ciyawar ruwa daga wani kududdufi a bayan garin Katsina, na zuba a tafkina, wai don tarwaɗa ta samu inuwa. Ba a daɗe ba sai ga ƙananan dodon koɗi manne da bango, ba su fi ƙwayar wake ba. Ban ɗauke su a bakin komai ba, sai da wani abokina ma'aikacin lafiya ya ja mini kunne.

Akwai jinsinsu mai suna Bulinus, a jikinsa tsutsar tsargiya take girma, wato cutar fitsarin jini. In mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗin. Bayan kamar wata guda tsutsotsin su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba ta cin kifin ake ɗauka ba, ta shiga ruwan ne.

Yanzu ba na kawo ciyawa daga waje. Ina busar da tafki ƙarau kafin sabon zubi, ina sa dogon takalmin roba, kuma na hana yara wanka a ciki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani, Praziquantel. Allah ya kare mu.