Kafin Ki Matsa Wa Maigida Ku Bar Cikin Gari

A wannan mako zancenmu a kan wurin zama ne, musamman ga matan birnin Sakkwato, ko da yake na Kano da Katsina da Zariya ma za su ga kansu a ciki.

Abin da ake yayi yanzu shi ne mace ta ce sai maigida ya fitar da ita daga cikin gari. Da ta je barka a Arkilla ko Bado ko wajen Kalambaina, ta ga gida mai falo da makeken tsakar gida, sai ta komo ta raina ɗakinta na Gidadawa ko Rijiyar Dorowa. Daga ranar maigida ba shi da sauran sakat: lungu ya yi matsi, maƙwabta sun cika sa ido, kwata tana wari. Son gida mai kyau ba laifi ba ne. Amma kafin ki ɗaure kaya, 'yar'uwa, zauna mu yi lissafin abin da za ki bari.

Tun da Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, Shehu Usmanu kuma ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815, mutanen Sakkwato kusa da juna suke zaune, cikin ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya. Sunayen shiyyoyi kansu suna ba da labari. Alƙanci ta alƙalai ce, Marina ta masu rini, Maƙerar Assada ta maƙera, Gidadawa kuwa ta zuriyar Waziri Giɗaɗo. Watau malami da mai sarauta da mai sana'ar hannu duk masallaci ɗaya da kasuwa ɗaya suka haɗa su. Sai bayan da garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976, sababbin unguwanni suka yi ta miƙewa nesa da tsohon gari.

Abu na farko da za ki lissafa shi ne kuɗin hanya. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta kai 1,000. Mai kabu-kabu da mai Keke Napep ba daga aljihunsu suka cike gurbin ba, daga naki ne. To, ɗauki fensir. In kina da yara uku a makaranta, zuwa da komowa, kwana biyar a mako, kuɗin hawa talatin ke nan kowane mako. Ba a sa na maigida zuwa wurin aiki ba, ba a sa na cefane ba, balle na biki da gaisuwar rasuwa. Mace mai zaune kusa da Titin Ahmadu Bello ko Titin Sarki Yahaya, yaro take aika wa Tsohuwar Kasuwa da ƙafa. Hawa ɗaya ya ishe ta zuwa Babbar Kasuwa ko babbar tashar mota, kuma da ta fito bakin titi za ta sami abin hawa. Ki tuna da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, kina tsaye da goyo a unguwar da sai an daɗe kafin keke ɗaya ya gitta.

Na biyu asibiti. Naƙuda ba ta duba agogo. In ta taso da ƙarfe biyun dare, ko yaro ya shiɗe da zazzaɓi, wadda ke cikin gari tana kusa da Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Fiye da haka ma, tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. A shiyyar da attajiri da lebura ke haɗa katanga, ba a rasa maƙwabci mai mota, ba a kuma rasa tsohuwar da za ta kwana da sauran yara.

Wannan cuɗanya ta mai shi da maras shi ita ce babbar dukiyar cikin gari, kuma mu mata muka fi cin moriyarta. Matar da ke dama fura ko suyar masa ko ɗinkin hula ko kitso daga cikin ɗakinta, su wa ke saye? Matar ma'aikaci ce da ba ta da lokacin girki, da 'yan kasuwa, da baƙin da ke zuwa ziyara Hubbaren Shehu. Ita kuma Hajiya tana samun mai yi mata wanke-wanke da surfe, wadda ta san gidansu, ta san iyayenta. Adashi ya fi tafiya inda mai zubi babba da mai ƙarami suka san juna. Ɗiyar mai wankau in tana ganin ɗiyar maƙwabta ta fito da farin kayan aikin jinya, ita ma sai ta sa rai. Mai kulle kuwa bayan isha'i za ta yafa mayafi, yaro ya riƙe mata tocila, ta gaido mahaifiyarta ta komo ba ta kashe ko kwabo ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. In ƙafar ta koma sai da kuɗin mota, zumuntar takan yi rauni.

Duk da haka ba za mu ɓoye aibin cikin gari ba. Akwai cunkoso, gida guda iyali uku ko huɗu. Akwai kwatar da ke toshewa da damina ta tara sauro, ga tulin shara a bakin lungu. Cutar amai da gudawa da ta addabi jihohin Arewa a 2021 ta nuna mana abin da ƙazamin ruwa ke jawowa. Ga 'yan kabu-kabu suna kutsawa lunguna da gudu inda yara ke wasa. Gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021 kuma ta tuna mana yadda wuta ke ci a wuri mai matsi.

Yawancin waɗannan maganinsu yana hannunmu. Kada ki aiki yaro ya juye shara cikin kwata. Ku matan lungu ɗaya ku sa ranar da samari za su yashe ta, ku haɗa musu ɗan abin goro. Ruwan 'yan ga-ruwa a tafasa na sha, a rufe randa. A kashe garwashi kafin a kwanta, a cire hita daga wuta ko da an ɗauke lantarki. Abin da ya fi ƙarfinku, kamar kwashe juji, ku sa mazanku su kai wa mai unguwa da kansila, kada su gaji da komawa.

Ku kuma 'yan makaranta, kusancin kasuwa yana da nasa tarkon, watau talla. Yarinya takan ce bari ta kai fura tasha kafin a buga ƙararrawa, sannu-sannu sai makarantar ta zama ta ganin dama. A zamanin Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, jajis na 'Yan Taru daga ƙauyuka suke takowa da ƙafa, su jagoranci mata zuwa wurinta neman karatu. Ke ga makaranta a bayan gidanku. Uwargida da aure ya katse wa karatu ita ma tana da cibiyar ilmin mata ta gwamnatin jiha a nan cikin Sakkwato, inda matan aure ke komawa aji.

In Allah ya hore wa maigida fili da mota da abin zuba mata mai, kuka ga tashi ya fi muku, Allah ya sa alheri. In kuwa sai an ci bashi, ko kuɗin hanya zai cinye na makarantar yara, to ki share ɗakinki ki shafe shi da farar ƙasa, ki kyautata wa maƙwabtanki, ki bar maigida ya huta. Ina jiran wasiƙunku, musamman ku da kuka tashi, ku gaya mana yadda kuka sami zaman.