Karatun fizik a jami'a: ƙa'idodin shiga, zuwa aji da jarrabawa

Kowace shekara, da zarar an bayyana sunayen waɗanda suka ci jarrabawar bak, gidaje da dama a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan cika da guɗa da barka. Bayan kwana kaɗan kuma sai maigida ya zauna yana lissafi: yaron nan da za ya tafi karatun fizik, shekara nawa za ya yi, me ake bukata gare shi, me kuma kan sa wani ya komo gida hannu rabbana bayan an sayar da bisashe an yi masa guzuri? Sau da yawa abin da ke kayar da ɗalibi rashin sanin ƙa'ida ne, ko da kansa yana ja. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana wa iyaye da ma'aikatan hukuma yadda abin yake, daga ranar rajista har ranar karɓar diploma.

Mene ne fizik?

Fizik shi ne ilimin da ke binciken yadda abubuwa suke motsi, da yadda zafi, haske, sauti da wutar lantarki suke aiki. Shi ke bayyana dalilin da ya sa guga ke nauyi in ya fito daga ruwan rijiya, da yadda faifan hasken rana ke ba da wuta. Ƙasarmu tana da tsohon tarihi da wannan ilimi. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a shekarar 1929, malamin fizik ne. Ya ci babbar jarrabawar malanta ta agiregasiyo a Faransa a 1956, ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana ta ONERSOL tun daga 1969, kuma ya zama shugaban jami'ar Yamai a 1979. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Ita jami'ar ta faro ne a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Tsangayarta ta kimiyya da fasaha tana ƙetaren kogi, a Harobanda. A 2010 aka kafa jami'o'in Maradi, Damagaram da Tawa, ta Maradi ma tana da tata tsangayar kimiyya da fasaha.

Tsarin shekara 3

Jami'o'inmu suna bin tsarin da ake kira LMD, watau lisans, masta da dokta. Asalinsa daga Turai ne, inda ministocin ilimi suka sa hannu kan yarjejeniyar birnin Bolonya na ƙasar Italiya a 1999. A 2007 ƙungiyar UEMOA mai ƙasashe 8 ta umurci jami'o'in ƙasashenta su bi wannan tsari, domin diplomar Yamai ta zama daidai da ta Dakar ko ta Wagadugu.

A cikin wannan tsari lisans shekara 3 ce, kowace shekara kuma an raba ta zango 2, ke nan zango 6. Kowane darasi yana da nauyinsa da ake aunawa da abin da ake ce wa kiredi. Zango guda kiredi 30 ne, shekara 60, lisans gaba ɗaya 180. Kiredi guda yana daidai da aikin awa 20 zuwa 25, an haɗa da zaman aji da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai. To, in mun yi lissafi, zango guda awa 600 ne ko fiye. In aka raba su bisa mako 15, za a samu awa 40 kowane mako. Ashe ke nan ɗalibin fizik ma'aikaci ne cikakke, kamar mai zuwa biro safe da marece. Wanda ya ɗauki karatun a matsayin aikin rabin yini ya riga ya ci bashin da biyansa ke da wuya.

Rajista iri biyu ce

Ƙofar farko ita ce bak ta fannin kimiyya, watau rukunin C, D ko E, ko wata takarda da hukuma ta yarda ta yi daidai da ita. Ana duba zaɓin ɗalibi da makin da ya samu, musamman a lissafi da fizik. A nan ya kamata iyaye su saurari gaskiya: lissafi shi ne harshen fizik. A shekarar farko ɗalibi yakan ga darussan lissafi sun kusa yawan na fizik ɗin kansa, ga kuma shimi da ilimin kwamfuta. Yaron da ya tsallake bak da ƙyar a lissafi sai ya ɗaura ɗamara tun makon farko.

Bayan an ba ɗalibi wuri, akwai rajista iri biyu, kuma nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe. Ta farko ita ce ta biron kula da ɗalibai. A can ake kai takardar shaidar bak da ta maki, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, hotuna da rasit na biyan kuɗin rajista. Ita ce ke ba mutum lamba da katin ɗalibi. Ta biyu ita ce ta sashen fizik, inda ake rubuta sunan ɗalibi cikin darussan zangon, a kuma sa shi cikin rukunin da za ya riƙa yin aiki da su. Wanda ya yi ta farko ya manta ta biyu yana iya zama aji wata huɗu cur, ranar jarrabawa ya duba allo bai ga sunansa ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, rajista tana da ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma sabunta ta ake yi kowace shekara. Na biyu, sunan da ke takardar haihuwa ya zama shi ne ke takardar bak, harafi da harafi. In akwai saɓani a gyara shi tun da wuri, domin abin da aka rubuta ranar rajista shi za ya fito bisa diploma. A nan ma'aikatan da ke rubuta takardun haihuwa a gidajen magajin gari suna da babban nauyi, kuskuren alƙalami guda yana iya jawo wa yaro zirga-zirgar watanni. Na uku, kuɗin tallafin karatu, watau burs, takardunsa daban ne, hukumar ANAB ce ke kula da su. Rajistar jami'a ba ta wadatar da su.

Zuwa aji

Koyarwa iri uku ce. Akwai babban darasi, inda malami ke bayani gaban ɗaruruwan ɗalibai cikin babban zaure. Akwai aikin bita, wanda ɗalibai ke ce wa te-de, inda ake raba su ƙananan rukunoni suna warware tambayoyi tare da malami. Sa'an nan akwai aikin gwaji, watau te-pe, wanda ake yi cikin ɗakin gwaje-gwaje da kayan awo.

A babban zaure kiran suna yana da wuya saboda yawan jama'a, shi ya sa waɗansu ke ruɗin kansu, su ce sa kwafi littafin aboki daga baya. Amma a te-de da te-pe ana riƙe da takardar suna, zuwa kuwa wajibi ne. Kowace tsangaya tana rubuta cikin dokokinta yawan fashin da in ɗalibi ya kai shi ba tare da hujja ba za ya rasa makin wannan darasi, ko a hana shi zama jarrabawarsa. Ana manna waɗannan dokoki bisa allo a farkon shekara. Karanta su shi ne aikin farko na sabon ɗalibi. In ciwo ne ko rasuwa ta hana shi zuwa, sai ya kai takardar likita ko wata shaida cikin kwanakin da aka ƙayyade. Maganar baki ba ta shiga rajista.

Me ya sa aka tsananta haka a kan te-pe? Domin a fizik gani ya kori ji. Ga misali. Ana ba ɗalibai zare mai tsawon mita 1 da ɗan ƙarfe a ƙarshensa, a ce su kaɗa shi a hankali kamar lilo. Zuwa da komowa guda yana ɗaukar kusan daƙiƙa 2. Da yake hannun mutum ba ya danna agogo daidai, sai a koya musu su ƙirga zuwa da komowa 20, su sami kusan daƙiƙa 40, su raba. Daga nan suke fitar da ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, wanda ke ƙara wa abin da ke faɗuwa saurin kusan mita 9,8 cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa. Haka kuma ana ba su batir mai bolt 12 da waya mai turjiyar om 6, su auna su ga amfiya 2 na gudana, kamar yadda dokar Om ta faɗa. Bayan kowane gwaji ɗalibi yakan rubuta rahoto, ya faɗi abin da ya auna da girman kuskuren da ke cikin awonsa. Wannan ba a aronsa daga littafin aboki. Kuma da yake kayan aiki kaɗan ne, rukunoni kuwa da yawa, ranar da ta wuce mutum da wuya a sake shirya masa ita.

Jarrabawa da lissafin maki

Maki bisa 20 ake ba da shi, 10 ita ce iyakar tsira. Makin darasi yakan fito daga ƙananan jarrabawa na cikin zango, da rahotannin te-pe, da babbar jarrabawar ƙarshen zango. Ana tara darussa masu dangantaka cikin ƙunshi guda, kowane da nauyinsa. Mu ɗauki misali: a ce ilimin motsi yana da nauyi 3, na lantarki yana da nauyi 2. Ɗalibi ya sami 8 a na farko, 14 a na biyu. Sai a ce 8 sau 3, 24, 14 sau 2, 28, jimla 52, a raba da 5, ya ba da 10,4. Ya tsira, darasi mai ƙarfi ya ɗauki mai rauni. Da 6 ya samu a na farko, jimlar sai ta zama 46, watau 9,2, ya faɗi ke nan. Wannan ya nuna darasi mai nauyi shi ya fi cancantar a kwana a kansa.

Babban alherin sabon tsari shi ne, ƙunshin da ɗalibi ya ci ya zama nasa har abada, da kiredinsa. A tsohon tsari galibi wanda ya faɗi yakan maimaita shekarar ne ɗungum. Yanzu abin da ya rage masa kawai yake bi. Ana kuma shirya jarrabawa ta biyu, wadda ɗalibai ke ce wa ratarapaj, domin waɗanda suka kasa a ta farko. Jami'o'i da yawa masu bin wannan tsari sukan bar ɗalibi ya wuce aji na gaba da ɗan bashin kiredi, amma bashin yana nan yana jiransa, kuma ba a ba da lisans sai 180 sun cika cif. Wanda ya tara bashi yakan iske kansa yana zaman jarrabawar aji biyu cikin mako guda. Maimaita aji kuma yana iya taɓa burs, abin da ke komawa bisa aljihun iyaye.

Ranar jarrabawa ɗalibi ya zo da katinsa, ya zo kafin lokaci, ya sa hannu bisa takardar halarta, ya bar wayar salula waje. Wanda aka kama da satar amsa ana rubuta rahoto a kansa, a kai shi gaban majalisar ladabtarwa, hukuncinta kuwa yana kamawa daga soke jarrabawar har zuwa kora. Bayan an gyara takardu, kwamitin malamai ne ke zama ya tabbatar da sakamako kafin a manna shi. In ɗalibi ya ga an manta da makinsa ko an yi kuskuren tarawa, yana da damar rubuta koke cikin ƴan kwanakin da aka ba da. Diploma tana fitowa da daraja: daga 10 an tsira, daga 12 da dama-dama, daga 14 da kyau, daga 16 da kyau ƙwarai. Ana duba wannan daraja wajen zaɓen masu shiga masta.

Bayan lisans

Mai lisans ta fizik yana iya bin hanyar malanta a kwaleji da lise, inda ake kukan ƙarancin malaman kimiyya. Yana iya ci gaba da masta, shekara 2 da kiredi 120, sa'an nan dokta. Akwai kuma fannin wutar lantarki, sadarwa, hasashen yanayi da ma'adinai. Ƙasar da ta fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, ta buɗe tashar wutar rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da ta megawat 30 a Goru Banda a 2023, tana bukatar ƴaƴanta maza da mata masu iya awo da lissafi.

Kira ga iyaye

Uban da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci yana iya bin sawun ɗansa har jami'a, ko bai san fizik ba. Tambayoyi huɗu sun isa: Ka yi rajistar nan biyu? Te-pe nawa ya wuce ka? Kiredi nawa ka samu cikin 30 na wannan zango? Ina takardar makinka? Lambobi ne, kowa yana iya karanta su. A kuma rage kiran ɗalibi gida tsakiyar zango domin biki ko suna, kwana 3 na hanya suna iya cinye gwaji guda da ba ya komowa. Ɗiya mace da ta zaɓi wannan fanni a ba ta goyon baya daidai da ɗan'uwanta.

Su kuma ɗalibai, matambayi ba ya ɓata. Ƙofar shugaban sashe da ta biron ɗalibai an yi su ne domin a ƙwanƙwasa, tun a watan farko, ba sai ranar da aka manna sakamako ba. Allah shi ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, shi sa su komo su yi wa ƙasa aiki da shi.