Gishiri Da Sukari: Asirin Ƙullin Da Ke Ceton Rai A Bakin Binuwai

Duk wanda ya shiga kasuwar Jimeta zai tarar da gishiri da sukari a teburin mai awo ɗaya, dukansu farare, dukansu masu narkewa a ruwa. Amma fa a wurin masana ilmin sinadarai ba ginin su ɗaya ba, kuma sanin bambancin nan yana da amfani ga mutanen da ke zaune a bakin kogi.

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, watau atam, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da cibiya, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu kewaya ta, ana ce da su ilektaron. A shekarar 1916 Gilbert Lewis na Amurka da Walther Kossel na Jamus suka bayyana cewa ƙwayoyi da yawa ba su natsuwa sai sahunsu na waje ya cika ilektaron 8. Neman cikar nan shi ke sa su ƙulla da juna.

A gishiri, sodiyam yana da ilektaron 1 a sahun waje, kulorin kuwa yana da 7. Sai sodiyam ya ba da nasa, kulorin ya karɓa. Daga nan kowannensu ya ɗauki cajin lantarki kishiyar na ɗan'uwansa, su kuwa kishiyoyin caji jan juna suke yi. Wannan ƙulli na bayarwa da karɓa yana da ƙarfi ƙwarai, don gishiri ba ya narkewa da wuta sai zafi ya kai digiri 801.

Sukari, irin wanda ake samu daga raken Numan, tarayya ce ta haɗa shi. Ƙwayoyin kabon 12, da haidirojin 22, da oksijin 11 suke haɗuwa, ba mai bayarwa ɗungum, sai dai kowane biyu su riƙe ilektaron tare kamar gonar gandu. Shi ma ruwa haka yake: haidirojin 2 da oksijin 1. Sai dai oksijin ya fi jan rabonsa, saboda haka gefe ɗaya na ƙwayar ruwa yana da caji iri ɗaya, ɗaya gefen kuma kishiyarsa. Da wannan ne ruwa ke kewaye sodiyam da kulorin, ya raba su, gishiri ya narke. Shi kuwa sukari ƙwayoyinsa ne kawai ke rabuwa da juna, ƙullin cikinsu yana nan daram.

To, ina amfanin wannan ga talaka? Kogin Binuwai ya yi ambaliya mai tsanani a 2012 da 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kuma a 2024 kwalara ta ɓarke a Yola da kewayenta. Abin da ke kashe mai amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a bangon hanji wadda ke shigar da sodiyam da gulukos tare, ba ta karɓar ɗaya sai da ɗaya. Hanji yakan tsinke sukari gida biyu ya fid da gulukos, shi kuma ya shiga tare da sodiyam ɗin da ruwa ya kwance, sa'an nan ruwa ya bi bayansu cikin jini. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi aiki da wannan a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a Indiya, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Idan babu ƙunshin garin da ake bayarwa a asibiti, awon gida shi ne ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Lalle a kiyaye awo, domin gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro, sukari in ya zarce yana ƙara gudawa. A riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan, ana kuma hanzarta kai shi asibiti.