Sikirif Zai Cike Maka Fom, Amma Ba Zai Je Maka Kasuwa Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin wakilin aji ko sakataren ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarsu ya san wannan wahalar. Kana da sunayen mutum 150 a Excel, sai a turo maka fom na intanet a ce ka shigar da kowa ɗaya bayan ɗaya. Ga data na ƙonewa, ga sabis na ɗaukewa. To, kwamfuta za ta iya ɗauke maka wannan zaman ta hanyar sikirif, wato 'yan layukan umarni da ake rubutawa, galibi da harshen Python.

Ga yadda abin yake. Kowane gurbi a fom yana da sunansa na ɓoye. A Google Forms, misali, sunan yana farawa da entry, sai lambobi su biyo baya. Idan ka danna maɓallin aikawa, burauza tana haɗa kowane suna da amsarsa ta tura wa saba a saƙo guda da ake kira POST. Sikirif ba wani tsafi yake yi ba. Yana karanta layi ɗaya daga Excel, ya haɗa irin wannan saƙon, ya tura, ya koma layi na gaba. Idan shafin mai wuyar sha'ani ne, sai a ɗauko Selenium, wanda ke buɗe burauzar da kansa yana rubutu yana dannawa kamar mutum.

Abu uku za ka kiyaye. Fara gwadawa da fom ɗin da kai ka ƙirƙira, don kuskure ɗaya a sikirif kuskure 150 ne. Sa shi ya riƙa jira na 'yan daƙiƙu tsakanin saƙonni. Sannan ya riƙa ajiye lissafin waɗanda suka shiga, don in sabis ya yanke kada ka maimaita su.

Sai dai akwai iyaka. Idan shafi ya ce ka zaɓi hotunan mota don a tabbatar kai mutum ne, mai shafin ya riga ya faɗa maka ba ya son na'ura. Kada ka kai sikirif shafin makaranta, na JAMB ko na NELFUND ba da izini ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse, dokar kare bayanai ta 2023 kuma tana kare bayanan abokan karatunka da ke hannunka.

Babbar jarabawar tana wajen masu firojet. An ce ka ji ta bakin manoma ko 'yan kasuwar Bungudu, sai ka kwanta a hostel ka sa sikirif ya ƙago amsa 200. Ɗan'uwa, Google Forms yana rubuta lokacin da kowace amsa ta shigo. Malam na buɗewa zai ga manoma 200 sun amsa cikin minti uku da tsakar dare. Rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Ko ba a kama ka ba, ka rubuta ƙarya da sunan mutanen garinku.

Ku koyi sikirif, sana'a ce mai kawo kuɗi. Amma tambayar mutane, wannan sai ka hau mota ka je da kanka.